In kunne bai ji ba, roka ba ta ceton jirgi

Daren 9 ga Disamba, 1971, jirgin yaƙin Indiya INS Khukri yana sintiri a kusa da gaɓar Diu a yammacin Indiya, yana neman jirgin ƙarƙashin teku na Pakistan mai suna Hangor. Khukri don wannan aikin aka ƙera shi, kuma makamin da yake taƙama da shi bindigar Limbo ce ƙirar Birtaniya, mai jefa bama-baman zurfi zuwa nisan da bai kai kilomita 1 ba. Hangor ya daɗe da jin motsinsa, ya daidaita, ya sako masa tofido, wato nakiyar nan mai gudu da kanta a ƙarƙashin ruwa. Cikin 'yan mintoci Khukri ya nutse da mutum 194, har da kyaftin ɗinsa Mahendra Nath Mulla, ba tare da ya harba ko bam ɗaya ba.

Abu biyu ne suka gaza a daren nan. Hannun Khukri gajere ne, kunnensa kuma bai ji ba. Masu sayar da makamai sun fi son a tuna da na farko, domin maganinsa abin sayarwa ne mai ɗaukar ido: roka da ake harbawa daga jirgi, ta ɗauki bam ko tofido, ta kai shi nesa cikin daƙiƙoƙi. Ra'ayina shi ne wannan makami yana da muhimmanci sosai, kuma rundunar da ta cire shi daga jiragenta ta dogara da helikwafta kaɗai ta yi ganganci. Amma adadin kilomitocin da ake rubutawa a takardar talla shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba. Roka ba ta da amfani a wajen da kunnen jirgi bai kai ba.

Asalin makamin daga wata matsala ce mai sauƙin fahimta. A farkon Yaƙin Duniya na Biyu, jirgin rakiya yana gano jirgin ƙarƙashin teku da sona, na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwa. Amma bama-bamansa ta baya yake mirgino su, don haka dole ya bi ta kan abokin gaba kafin ya saki. Sonar wancan zamani gaba take kallo. Da zarar an matso sosai sai hoton ya ɓace, kyaftin na ƙasa kuma ya san da haka, sai ya karkata ko ya ƙara nutsewa a daidai wannan lokaci. Bayan fashewa ruwa ya hargitse, sai an jira mintoci kafin sona ta sake jin komai.

Birtaniya ta kawo Hedgehog a 1942: ƙananan bama-bamai 24 da ake cillawa gaban jirgi kimanin mita 230, su faɗa ruwa a da'ira, ba sa fashewa sai sun taɓa ƙarfe. Jirgi yana harbi alhali yana ci gaba da jin abokin gaba, in kuma an kuskure ruwa yana nan shiru. Alƙaluman rundunar ruwan Birtaniya sun nuna ana kai hari kusan 60 da bam ɗin zurfi kafin a nutsar da jirgi ɗaya, da Hedgehog kuwa kusan hari 6. A watan Mayun 1944 jirgin Amurka USS England ya nutsar da jiragen ƙarƙashin teku shida na Japan cikin kwana 12 da wannan makami. Illarsa ita ce naushin da yake yi wa doron jirgi idan an harba, abin da ƙananan jirage ba sa iya ɗauka. Shi ya sa Amurka ta ƙera Mousetrap, inda ƙaramar roka ke tura bam ɗin daga kan layin ƙarfe ba tare da ta tokari jirgi ba. Ta wannan ƙofa roka ta shigo fagen.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma rashin bambance su ne ke sa muhawarar rikicewa. Akwai rokar da ke ɗauke da bam kawai, ana harba ta da yawa a lokaci guda, ta gajeren zango. Akwai kuma wadda aikinta dako ne, ta kai tofido mai neman abokin gaba da kansa ta ajiye shi a kan wurin da ake zato.

A rukuni na farko babu wadda ta yaɗu kamar RBU-6000 ta Tarayyar Sobiyet, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1960, kuma har yau tana kan jiragen Rasha da Indiya da Aljeriya da Biyetnam. Bututu 12 ne masu faɗin milimita 213, an jera su kamar kofaton doki. Kowace roka ta haura kilo 110, abin fashewar da ke cikinta kilo 23 ne, tana kaiwa daga mita 350 zuwa kusan mita 5,800. Ba mutum ne ke cusa ta ba. Idan an gama harbi, na'urar takan miƙe tsaye, injin ɗagawa ya riƙa turo rokoki ɗaya-ɗaya daga rumbun da ke ƙarƙashin doron jirgi. Suwidin ta yi nata na kamfanin Bofors mai faɗin milimita 375, wanda Jamus da Japan da wasu ƙasashe suka yi amfani da shi shekaru da dama.

Mu yi lissafin abin da ke faruwa bayan an danna maɓalli. Bam ɗin RBU-6000 yana nutsewa da saurin kusan mita 11 da rabi a daƙiƙa. Idan abokin gaba yana zurfin mita 200, nutsewar kaɗai za ta ci daƙiƙa 17. A ɗora lokacin tashi a iska, a ce jimilla daƙiƙa 40. Jirgin ƙarƙashin teku da ke tafiyar kilomita 18 a awa yana cin mita 5 kowace daƙiƙa, ke nan ya yi gaba da mita 200 kafin bam ya iso. Tsawonsa kamar mita 70 ne, faɗinsa kamar 10, kuma kilo 23 na abin fashewa ba ya fasa gangar jikin jirgi mai kauri sai ya tashi dab da ita. Saboda haka kwamfutar harbi ba inda jirgin yake take nufa ba, inda take hasashen zai kai take nufa. Idan kyaftin ya ji faɗuwar rokokin a ruwa ya juya akala, hasashen ya rushe. Harba goma sha biyu a tare ƙoƙari ne na rufe wannan giɓi da yawa. Rasha ta gane iyakar dabarar, shi ya sa ta fito da roka 90R a tsarin RPK-8, wadda kanta ke da ƙaramar sona da ke karkatar da shi yayin nutsewa, ko da yake zangonta ya ragu zuwa kimanin mita 4,300.

A kan jirgin ƙarƙashin teku na zamani da ke tsakiyar teku mai zurfi, wanda tofidonsa mai faɗin milimita 533 ke iya cin kilomita 40 ko fiye, makami mai zangon kilomita 6 ba abin farauta ba ne. Wanda ya faɗi haka gaskiya ya faɗa. Sai dai kowa ya raina gajere bai taka kunama ba, kuma zan dawo kan wannan.

Rukuni na biyu Amurka ce ta buɗe shi da ASROC a 1961, a cikin akwati mai ɗaki takwas da ke juyawa a tsakiyar jirgi. Tsarin aikinsa ya cancanci a bi shi daki-daki, domin kowace gaɓa wuri ce da abu ke iya lalacewa. Sona ta ba da kusurwa da nisa. Kwamfuta ta fitar da alkibla da gudun abokin gaba, ta zaɓi inda tofido zai shiga ruwa. Ta cikin waya ake loda wa tofidon umarni tun yana cikin akwati: zurfin da zai fara bincike, iyakar sama da ba zai ƙetare ba don kada ya koma kan jiragen saman ruwa, da iyakar ƙasa don kada ya daki ƙasan teku. Roka ta tashi. Agogon da aka saita ya yanke injin ya yar da shi a daƙiƙar da ta dace da nisan da ake so. Can gaba ɗaurin da ke riƙe da kwanson da ke lulluɓe da tofido ya tsinke, kwanson ya dare biyu, laima ta buɗe ta rage wa tofido gudu ta kuma daidaita kansa ƙasa. Da ya bugi ruwa murfin hancinsa ya farfashe, laima ta saki, ruwan gishiri ya shiga batir ya tayar da shi, injin ya kama, tofido ya shiga zagaye yana aika sauti yana saurare.

Abin da wannan doguwar hanya ke saya lokaci ne. Tofido Mk 46 yana gudun da ya haura kilomita 74 a awa. Ko a ce yana yin 83, idan daga gefen jirgi aka sake shi zuwa nisan kilomita 10, sai ya yi fiye da minti bakwai yana tafe yana ƙara, man sa yana ƙarewa, abokin gaba yana jin tahowarsa. A minti bakwai jirgin da ke gudun kilomita 37 a awa ya yi nisan fiye da kilomita 4. Roka kuwa kusan minti guda take yi a iska, inda sonar abokin gaba ba ta bin sawunta, tofido ya faɗo masa a ka da cikakken tanki.

Tsohuwar ASROC tana kaiwa kimanin kilomita 10, kuma ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba, daidai yake da abin da sonar SQS-23 ta wancan lokaci ke iya ji a ruwa mai kyau. An auna hannu da kunne. Tana da wani nau'i mai ɗauke da bam ɗin nukiliya, wanda aka gwada da gaske ranar 11 ga Mayu, 1962, daga jirgin USS Agerholm a tekun Fasifik, aka kuma janye shi a 1989. Bam ɗin nukiliyar shi kansa amincewa ce cewa ba a san takamaiman inda abokin gaba yake ba, sai a faɗaɗa ɓarna ta rufe jahilci. Sabuwar ASROC, wato RUM-139, ta fara aiki a 1993. Daga rijiyoyin harbi na Mk 41, wato ramukan makamai da ke cikin doron jirgi, take tashi a tsaye, tana karkata kanta a iska, tana kaiwa kusan kilomita 22 da tofido Mk 46 ko Mk 54. Japan tana da tata Type 07, Koriya ta Kudu tana da Hong Sang Eo, Sin tana da Yu-8, Italiya tana da MILAS mai zangon kusan kilomita 35.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kunnen ƙaramin tofido ba ya wuce kilomita ɗaya zuwa biyu ko a ruwa mai kyau. Idan aka ajiye shi nesa da haka, zai yi ta zagaye har mansa ya ƙare ya nutse. Ke nan duk tsadar makamin ta rataya a kan tambaya ɗaya: yaya ingancin labarin da aka loda masa, kuma minti nawa labarin ya yi a hannu?

Teku ba ya ba da labari cikin sauƙi. Sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, don haka idan abokin gaba yana nisan kilomita 15, sai an jira daƙiƙa 20 kafin amsa ɗaya ta dawo, kuma ana bukatar amsoshi da yawa kafin a san inda ya dosa. Sannan sauti ba ya tafiya a miƙe. Ruwan sama-sama yana da ɗumi, a ƙarƙashinsa akwai wani mataki da sanyi ke ƙaruwa da sauri, sauti kuma yana lanƙwasawa zuwa inda gudunsa ya ragu, wato ƙasa. Sakamakon haka akwai wani yanki a ƙarƙashin wannan mataki da sonar da ke manne a cikin jirgi ba ta ji, kuma kowane kyaftin na jirgin ƙarƙashin teku nan yake fara laɓewa. Tun a shekarun 1930 sojojin ruwan Amurka suka lura sonarsu tana aiki da safe ta kurmance da rana. An zargi ma'aikata da kasala bayan cin abinci, sai masana daga cibiyar binciken teku ta Woods Hole suka nuna rana ce ke ɗumama saman ruwa tana karkatar da sauti. Har yau jirgin farauta yana jefa na'urar auna zafin ruwa lokaci-lokaci don ya san inda matakin yake. Sonar da ta ji kilomita 15 jiya tana iya kasa jin 4 yau a wuri guda.

Maganin da aka samo shi ne a raba kunne da jikin jirgi. Ana zura sona da igiya a sauke ta ƙasa da matakin, kamar CAPTAS-4 ta kamfanin Thales. Ana kuma jan doguwar igiya mai ɗauke da ɗaruruwan makirfo a bayan jirgi, nesa da hayaniyar farfelarsa. Wannan ta biyun tana ji daga nesa ƙwarai ba tare da ta tona asirin jirgi ba, amma kusurwa kaɗai take bayarwa, babu nisa, wani lokaci ma ba ta bambance dama da hagu sai jirgi ya canza hanya an jira igiyar ta miƙe. Fitar da nisa daga kusurwa aikin mintoci ne, kuma kuskurensa na iya kai kilomitoci. Idan aka kunna sona mai aika sauti don a tabbatar, abokin gaba yana jin ta daga nisan da ya ninka wanda ita take iya jin sa, domin shi tafiya ɗaya sautin ya yi zuwa gare shi, ita kuwa tana jiran ya je ya dawo. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ga kuma yadda labari ke tsufa. A ce an san inda yake minti uku da suka wuce. Idan yana lallaɓawa da kilomita 15 a awa, yana cikin da'irar da ba ta wuce mita 750 ba daga can, tofido zai iya kama shi. Idan ya tsorata ya taka kilomita 37 a awa, da'irar ta kai kusan mita 1,800. Lokaci ya ninka biyu, faɗin wurin nema ya ninka huɗu. Wannan lissafi ne ya sa nake ganin ikon gyara wa makami hanya yana cikin tafiya ya fi ƙarin zango daraja. Ostareliya ta fahimci haka tun shekarun 1960 da Ikara, ƙaramin jirgi mai fukafukai da ke rungume da tofido, ana sarrafa shi ta rediyo har zuwa lokacin saki. MILAS ma tana karɓar gyara a hanya. Tarayyar Sobiyet kuwa ta ƙera Metel mai kaiwa kusan kilomita 50, nisan da sonar jiragen da ke ɗauke da ita ba ta saba kaiwa ba, dole sai helikwafta Ka-25 ta je can ta zama kunne. Ranar da helikwafta ba ta tashi ba, yawancin wannan zango yana kwance a takarda. Indiya ta fara gwada SMART a 2020, makami mai linzami da aka ce zai kai tofido ɗaruruwan kilomitoci. Injiniyancin abin yabo ne, amma tambayar ba ta canza ba: wa ke tsaye a can yana saurare a daidai wannan minti?

Masu cewa a bar wa helikwafta aikin gaba ɗaya suna da hujja mai ƙarfi, bai kamata a yi musu rowar gaskiya ba. Helikwafta tana zura sonarta a kan abokin gaba, ta tabbatar da shi, ta saki tofido a inda ya dace, shi kuma ba shi da yadda zai rama cikin sauƙi. Jirgin ƙarƙashin teku na Ajantina Santa Fe helikwaftocin Birtaniya ne suka naƙasa shi ranar 25 ga Afrilu, 1982, a Jojiya ta Kudu. Bayan ta yi ritayar Ikara, Birtaniya ta shafe shekaru ba ta da rokar tofido a jiragenta, Merlin da sauran helikwaftocinta ke ɗauke da nauyin. Akwai kuma batun rijiyoyi. Babban jirgin Amurka samfurin Arleigh Burke yana da rijiya 90 zuwa 96, kuma duk wadda aka ba ASROC an hana ta makami mai linzami Tomahawk ɗaya ko makaman kakkaɓo jirage ESSM guda huɗu. Ba a saba sake cika su a tsakiyar teku ba, sai an koma tasha.

Duk da haka ban gamsu ba, saboda helikwafta ba ta nan kullum. Yawancin jiragen rakiya guda ɗaya suke ɗauka. Tana shan mai, tana shiga gyara na awoyi bayan kowane tashi, matuƙanta suna bukatar barci, kuma idan teku ya yi hauka doron jirgi yana tsalle ba ta iya tashi ko sauka. Ko tana cikin shiri, tayar da ita da ɗaura mata tofido da isa wurin yana cin mintoci masu yawa, mun kuma ga abin da minti uku ke yi wa da'irar nema. Jirgin ƙarƙashin teku mai batir da ya kashe komai ya kwanta jira sau da yawa ba a jin sa sai ya matso, ko sai ya buɗe ƙofar bututunsa. A wannan lokaci abin da ke cikin rijiya ne kaɗai zai iya isa gare shi. Ko bai nutsar da shi ba, tofido da ya faɗo kusa yana tilasta masa gudu, gudun ya sa shi ƙara, ya kuma tsinke wayar da yake sarrafa nasa tofidon da ita. Amurka ta taɓa gwada cike wannan giɓi da ƙaramar helikwafta marar matuƙi mai suna DASH a shekarun 1960, ta yi asarar fiye da rabin waɗanda ta saya a haɗurra. Jiragen sama na zamani marasa matuƙa sun fi ta nesa ba kusa ba, kuma a ganina aikin da ya fi dacewa da su shi ne su zama kunne a nesa, roka ta zama hannu.

Mu koma kan gajeren. A ruwa marar zurfi, kamar tekun Baltik ko mashigin Farisa ko bakin tashoshi, sauti yana bugun ƙasa da saman ruwa yana dawowa ta ko'ina, tofido mai wayo yana ruɗewa, ya bi dutse ko tsohon jirgin da ya nutse, ko nutsewarsa ta farko ta kafe shi a laka. Ofishin gwajin makamai na ma'aikatar tsaron Amurka ya sha nuna rashin gamsuwa da Mk 54 a rahotanninsa. Bam marar kunne kuwa ba a yaudararsa da na'urar kwaikwayon sauti, kuma jirgin da ya kwanta a ƙasa ba ya motsi ya warware masa matsalar hasashe. Suwidin, bayan jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyet U137 ya maƙale kusa da sansanin sojan ruwanta na Karlskrona a 1981 da farautar da ta biyo baya a 1982, ta ƙera Elma, ƙananan gurneti masu huda ganga su tilasta wa jirgi fitowa ba tare da kashe kowa da kowa ba. A lokacin da ba a shelanta yaƙi ba, makamin da za a iya harbawa don gargaɗi yana da aikin da tofido ba zai yi ba.

Aiki na biyu ya fi wannan girma, wato tare tofidon da ke tahowa. Akwai irin da ke bin sawun kumfar da jirgi ke bari a baya, wanda na'urorin yaudara masu ƙara ba sa ɗauke masa hankali. Amurka ta sanya wa wasu manyan jiragenta masu ɗaukar jiragen sama ƙaramin tofido mai kashe tofido, sannan a 2018 ta dakatar da shirin. Hanyar Rasha ita ce a zuba rokoki a kan hanyar tofidon, RBU-1000 don kusa, Udav-1 kuma mai haɗa na yaudara da na shinge da na fashewa. Babu wanda ya isa ya ba da tabbacin nasararta a yaƙi na gaske, amma jirgin da ke da ita yana da abin yi bayan gudu da addu'a. Ga kuma ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa marasa matuƙa da suka fara bayyana, waɗanda asara ce a bi kowannensu da tofido mai tsada. Ina ganin wannan ne ya sa Indiya ba ta yar da tsarin RBU-6000 ba, tana ƙera na'urar a gida, kuma a 2025 ta gwada sabuwar roka mai zangon fiye da kilomita 8 daga jirgin INS Kavaratti.

Akwai abubuwan da ba sa fitowa a baje-kolin makamai, alhali su ke yanke hukunci. Daskararren man roka yana tsufa. Zafi da sanyi da girgizar jirgi suna sa shi tsagewa, tsaga kuma tana ƙara faɗin wurin da wuta ke ci, matsi ya hauhawa, injin ya fashe maimakon ya tura. Saboda haka kowace roka tana da wa'adi, kuma rumbu yana bukatar sanyi da tsarin yayyafa ruwa. Na'urar da ke waje tana shan gishiri, mahaɗan wayoyi suna tsatsa, a tekun arewa ƙanƙara tana toshe bututu. Idan aka danna roka ta ƙi tashi, ba a matsowa, ana barin bakin na'urar yana kallon teku har lokacin da doka ta gindaya ya cika, domin tana iya tashi a makare. Bugun ruwa ma gwaji ne mai tsanani ga kayan lantarki. Hong Sang Eo ta Koriya ta gaza a gwajin 2012 bayan an riga an fara raba ta ga jirage, aka tsayar da ƙera ta har sai da aka yi gyara aka sake gwaje-gwaje. Koriya ta gano matsalar ne domin ta harba. Rundunar da ke jin tsadar harbin gwaji, ba ta da filin auna sakamako, ba ta da kwale-kwalen tsamo tofidon atisaye a karanta abin da ya naɗa, ba ta san abin da ke cikin rijiyoyinta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai batun tantancewa. A yaƙin Falkland na 1982 jirgin ƙarƙashin teku na Ajantina San Luis shi kaɗai ya hana rundunar Birtaniya sakat na makonni, aka yi ta zuba makamai a kan duwatsu da manyan dabbobin teku, shi kuma ya koma gida lafiya. Makami mai saurin tashi yana ƙara wa kwamanda kwaɗayin harbi a kan zato, jirgin da ke da ASROC kaɗan kuwa zai iya ƙarar da su a dare ɗaya a kan inuwa. Tofido kuma bai san aboki ba. Dole a raba teku gida-gida, a san inda jiragen ƙarƙashin teku na gida suke, a hana harbi a can ko da sona tana ihu.

Saboda haka idan ana tsara sabon jirgin rakiya kuma kuɗi ba su isa komai ba, ga jerin da zan kare. Sona mai sauka ƙasa da igiyar saurare su zo farko, tare da injin da ba ya cika kunnen jirginsa da hayaniya. Sai mutanen da za su zauna gaban allo, da awoyin atisaye da jirgin ƙarƙashin teku na gaske, domin kunnen da ke bambance farfela da garken kifi shekaru yake ɗauka kafin ya nuna. Sai helikwafta ko jirgi marar matuƙi da hanyar sadarwa da ke kai labarinsu cikin kwamfutar harbi kai tsaye, ba ta bakin mutum a rediyo ba. Bayan waɗannan sai rokar tofido mai zangon kilomita 20 zuwa 35, wadda ke karɓar gyara a hanya idan da hali, a ware mata rijiyoyinta tun a zane don kada a cinye su da wasu makamai. Jirgin da zai yi aiki a gaɓa ko a mashigi a bar masa na'urar gajeren zango a goshi, da rumbunta cike da rokoki waɗanda wa'adinsu bai ƙare ba.